Shawara: Maigida ya shirya mana shiga teku a Zanzibar, ni kuma ban iya ruwa ba

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Watanmu biyu da biki, maigida ya ce zai kai ni Zanzibar hutun amarci cikin watan Agusta, kwana biyar za mu yi. Ya samu wani a Instagram mai shirya yawon yini ɗaya, wai za a kai mu tsibirin kunkuru, a kai mu Mnemba mu shiga ruwa kallon kifi, mu zaga tsohon gari, sannan gonar kayan ƙamshi, duk a rana ɗaya, kuma yana so a tura masa kuɗin gaba ɗaya tun yanzu. Anti ni ko kududdufi ban taɓa shiga ba, ga shi ba na cire hijabi a gaban maza. Na kasa faɗa masa saboda yadda yake ta ɗoki, kullum sai ya nuna min bidiyo, ina tsoron ya ga kamar na ɓata masa shiri ko ya ɗauke ni 'yar ƙauye. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a auren, ya kawo zuri'a ɗayyiba.

Toh bari in fara da abun da ya fi damuna a saƙon nan naki, ba ruwan ba ne kuma ba hijabin ba ne, shirun da kika yi ne. Dan Allah ki faɗa masa yau ɗin nan, kar ki bari sai kuna tsakiyar teku kwale-kwale yana lilo kowa ya sa gilashi a fuska ana cewa ku diro sannan ki fara kuka, ko kuma abun da ya fi wannan muni, kunya ta sa ki dira alhali jikinki rawa yake. Kunya ado ce a wurin mace amma banda a bakin ruwa, wallahi banda nan. Wanda ya firgita a cikin ruwa ba ya jin magana, duk wanda ya zo kusa da shi riƙe shi yake da ƙarfin tsiya, shi ya sa masu ceto suka fi tsoron mai firgici. Kuma rashin iya ruwa ba ƙauyanci ba ne, mu da muka tashi a arewa ina muka ga teku? Mata nawa ne a cikinmu aka taɓa kaiwa koyon iyo? Kar ki fara masa da "ni ba zan je ba", ki bari ya ci abinci ya huta ki ce masa, na ji daɗin shirin nan sosai kuma ina so in ga kifayen nan da idona, amma ban iya ruwa ba kuma tsoro nake ji, ka taimaka min mu tsara shi yadda nima zan more. Namijin da yake zama yana nuna wa matarsa bidiyo kullum so yake ta ji daɗi, ba zai ƙi wannan maganar ba in sha Allah. Sannan ki tambaye shi shi ɗin ya iya? Da yawan mazanmu iyon da suka sani na dam ne ko na kogi lokacin yarinta, teku kuma daban yake, yana da igiyar ruwa yana da ja, don haka shi ma rigar ceto zai saka, babu maganar jarumta.

Yanzu ki fahimci me ake yi a wannan kallon kifin da suke ce wa sinokilin, don rabin tsoron naki rashin sanin abun ne. Ba nutsewa ake ba. Kwanciya ake a saman ruwa rub da ciki, fuska a cikin ruwa, an sa gilashin da ya rufe ido da hanci, ga wani bututu a baki da bakinsa ya fito sama ta gefen kai, ta nan ake numfashi. In kina sanye da laif jaket, wato rigar ceto, mai kyau ba za ki nutse ba ko kin so, ga shi ruwan gishiri ya fi na rafi ɗaga mutum. Abun da yake ba sabon shiga wahala shi ne numfashi ta baki kawai, minti biyun farko za ki ji kamar an toshe ki, za ki ji ƙarar numfashinki a kunnenki huu huu, zuciya ta ce miki ɗago, amma in kika daure kika ja a hankali kika saki a hankali sai jiki ya saba. Daga nan ne za ki lura da abun da yake ƙasanki, duwatsun murjani wasu kamar an yi musu rassa wasu dunƙule, kifaye masu zanen baƙi da fari suna wucewa garke guda ta gaban gilashinki har ki ji kamar ki kai hannu, wani shuɗi shar, wani rawaya, wani yana gaigayar dutse har kina jin ƙas ƙas ɗinsa a cikin ruwan. Gaskiya abu ne da yake sa mutum ya yi tasbihi ba tare da ya shirya ba, shi ya sa ba zan ce miki ki haƙura ba, cewa nake ki yi shi da shiri.

Shirin farko, wannan tsarin na mutumin Instagram ku watsar da shi. Wanda ya san Unguja, wato babban tsibirin da mutane suke nufi in sun ce Zanzibar, ya san wuraren nan ba a layi ɗaya suke ba. Changuu, shi ne tsibirin kunkurun da ake ce wa Prison Island, yana gaban Stone Town, wato tsohon garin, ta yamma, tafiyar kamar rabin awa a kwale-kwale mai inji. Mnemba kuwa can arewa maso gabas yake, sai kun yi fiye da awa ɗaya a mota zuwa wajen Matemwe ko Muyuni sannan ku hau jirgi. Gonakin kayan ƙamshi suna cikin ƙasa wajen Kizimbani da Kidichi. Duk wanda ya ce zai haɗa muku waɗannan da zagayen gari a yini ɗaya, a mota za ku ƙare yinin, ko'ina a ce muku ku yi sauri ku yi sauri, kuma ke da kike buƙatar a bi ki a hankali a bakin ruwa sauri ne babban abokin gabarki. Ga wani abu ma da ba sa faɗa, Mnemba tsibiri ne mai zaman kansa na masu otal ɗin da ke kai, ba a yarda 'yan yawon yini su taka shi ba, jirgi yake tsayawa a kan ruwa mai zurfi daga nan a sauka, ga jirage da yawa a wuri ɗaya kowa yana bin dolfin. Wurin yana da kyau ba ƙarya, amma ba nan mai tsoron ruwa za ta fara ba. Ƙari a kan haka Agusta lokacin iskar kudu ne da suke ce wa kusi, ba damina ba ce, babbar daminarsu Maris zuwa Mayu take, to amma iskar tana tada ruwa musamman in rana ta yi, don haka duk abun da za ku yi a teku ku yi shi da safe.

Abun da nake ganin ya dace da ke shi ne Changuu da Nakupenda, su biyun nan kawai, daga Stone Town. Nakupenda tudun farin yashi ne a tsakiyar teku, babu bishiya babu gini, in ruwa ya janye sai ya fito, in ya cika sai ya shanye shi, shi ya sa lokacin tafiya ba a ra'ayin mutum yake ba, jadawalin cikar teku ne yake yanke shi kuma kullum yana gusawa. Amfaninsa a wurinki shi ne daga kan yashi za ki shiga da ƙafarki, ruwa iya ƙauri, iya gwiwa, iya ƙugu, inda kika ji ya ishe ki ki tsaya, ki durƙusa ki sa fuska ki gwada numfashin alhali kin san in kika miƙe ƙasa tana nan. In zuciyarki ta kwanta sai a wuce da ku wurin murjanin da ke kusa, ɗan jagora ya shiga tare da ke da zoben ceto mai igiya ki riƙe yana jan ki, ba sai kin yi komai ba sai kallo. In kuma ranar kika ji ba za ki iya ba shikenan, babu wanda ya isa ya tilasta miki, ki ce a bar ki a ƙarƙashin rumfar da suke kafawa a kan yashin tare da masu girki, ya fi zama a cikin jirgin da aka ɗaure yana lilo, don wannan lilon shi yake kawo jiri da amai. Maigida in kana karantawa, dan Allah banda zolaya, banda "haba ke kuwa ga yara ma sun shiga", banda janyo ta don a ɗau bidiyo.

Changuu kuma wuri ne na tafiya a ƙasa hankali kwance. A 1893 aka gina kurkukun da ya ba shi sunan, amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, sai aka mai da wurin na killace masu cutar shawara da ke zuwa ta jiragen ruwa. Kunkurayen asalinsu daga Seychelles ne, kyauta ce gwamnan can ya aiko a 1919 guda huɗu, suka hayayyafa, akwai waɗanda sun haura shekara 100, manya ne sosai, in ɗaya ya miƙo wuya za ki ga fatar duk ta yamutse idon nan yana kallonki a natse. Ki bi abun da masu kula da su suka ce, kar a hau bayansu don hoto.

Sai maganar sutura, wadda na san ita ce take cin ki a rai. Ki kwantar da hankalinki, Zanzibar ƙasar Musulmi ce, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, matansu da lulluɓi suke yawo, matuƙan jirgin nan da kike jin nauyi yawancinsu masu sallah ne, ba za ki zama abun kallo don kin rufe jikinki ba. Amma dan girman Allah kar ki shiga ruwa da dogon hijabi ko abaya ko zani. Yadi in ya sha ruwa nauyi yake, ya nannaɗe ƙafa, ya taso ya rufe fuska, yana iya toshe bakin bututun ma. Ki nemi kayan iyo na mata Musulmi tun daga gida, burkini ake ce masa, dogon wando da riga mai dogon hannu har gwiwa da hula mai rufe kai da wuya, masu sai da kaya a intanet suna kawowa, ki ɗauki mai kauri mai duhu wanda ba ya nuna jiki in ya jiƙe. Ki sako shi tun daga otal ki ɗora abayarki a kai don babu ɗakin canza kaya a kan yashi, in kin fito ga babban tawul ki yafa. Rigar ceton ma kanta tana ƙara rufe ƙirji. In hali ya yi ku ɗauki jirgi ku kaɗai, ya fi tsada amma ya fi miki sakewa, don na haɗaka za ki tarar da Turawa da kayan wankansu, wani lokacin har da giya a cikin kula, kuma ba sa jiran mai tsoro. Ku tambaya ko suna da jagora mace, in an samu falillahil hamdu.

Kayan ma sai kin duba da kanki kafin jirgi ya tashi, ba a tsakiyar ruwa ba. Rigar ceto ki saka ki ɗaure duk maɗauran, maigida ya kama kafaɗun ya ja sama, in ta taso har kunnenki ta yi miki yawa a canza. Gilashin ki ɗora a fuska ba tare da kin sa igiyar ba ki ɗan ja iska ta hanci, in ya manne to naki ne, in ya faɗo a kawo wani. Ki tabbata bakin hularki ko gashi bai shiga ƙarƙashin robar ba don ta nan ruwa yake tsiyaya, shi kuma maigida in yana da gashin baki ya ɗan shafa baselin a kai. In gilashi yana yin hazo ɗigon shamfu na jarirai ko yawu ma yana yi, a shafa a ɗauraye. In ruwa ya shiga bututun kar ki ruɗe, ɗago kai ki zare shi daga baki ki yi numfashi, jaket tana riƙe da ke. Ni na fi son gilashi da bututu daban-daban a kan wannan mai rufe fuska gaba ɗaya da ake yayi, saboda masu araha a cikinsu ba sa fitar da iskar da aka shaƙa yadda ya kamata. In otal ɗinku yana da wurin wanka, ku ari kayan kwana ɗaya kafin tafiyar ki gwada a gefen da ba zurfi da sassafe kafin mutane su fito, wannan gwajin kaɗai zai cire miki tsoro mai yawa.

A cikin ruwa kar ki taka murjani kar ki taɓa shi, abu ne mai rai kuma yana yanka, raunin ma yana daɗewa bai warke ba. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da take zama tsakanin duwatsu, in aka taka ta ƙayar karyewa take a cikin ƙafa, don haka ki sayi takalmin roba na shiga ruwa, silifas igiyar ruwa ce za ta tafi da shi. Zoben gwal da sarƙar lefe ki bar su a akwatin ajiya na otal, yatsa yana motsewa a ruwa zobe ya zame ba ki sani ba. Rana kuma tana ƙona baƙar fata ma, kar ki yarda da masu cewa mu ba ma ƙonewa, balle ke da kika sha gyaran jiki na amarci, in kuma akwai man da kike shafawa mai ƙara haske to fatarki ta fi saurin ƙonewa, ki shafa man kariya a fuska da bayan hannu da ƙafa ki riƙa shan ruwa.

Wata magana tsakanina da ke, watanku biyu, ki tabbatar ko an samu rabo kafin ki sha komai. Maganin jirin jirgi tun kafin a hau ake shan sa, amma in akwai ciki ko kina zato, ki ga likita tukuna, ki kuma yi masa maganar rigakafin shawara da na zazzaɓin sauro tunda akwai waɗanda ba a ba masu ciki.

Sallah ba matsala. Ruwan teku ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da teku ya nuna ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Ki tafi da ƙaramar darduma da busasshen hijabi a leda ku yi azahar ɗinku a kan yashi, matuƙan za su nuna muku alƙibla, maganar ƙasaru kuma tunda kwana biyar za ku yi ku tambayi malaminku kafin ku tashi. Wannan hadisin ya warware miki maganar abincin ranar ma, don gasasshen kifi ne da jatan lande da ƙaguwa da oktofos mai hannuwa takwas ɗin nan za a jere muku da shinkafa da 'ya'yan itace. In ba ki taɓa cin irin su jatan lande ba ki ɗanɗana kaɗan tukuna, wasu jikinsu ba ya karɓa, kuma tsakiyar teku ba wurin gwaji ba ne. In ranki bai so ba ki tsaya a kifi.

Kuɗi kuwa kar ya tura duka. Ya tambayi mutumin sunan kamfaninsa da lasisinsa na hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar, in ya fara kame-kame a rabu da shi. Yawon Changuu da Nakupenda kullum ake yinsa, ba abun da zai ƙare ba ne, kuna iya bari sai kun sauka otal ɗinku ya haɗa ku da wanda suka sani, in ya so a ba da kafin alƙalami kaɗan a karɓi risit a cika sauran ranar tafiya. Su ma samarin da za su tare ku a bakin ruwa suna tallan yawo da araha, papasi ake ce musu, ku ba su haƙuri ku wuce. Ko wa kuka zaɓa ya rubuto muku a WhatsApp ƙarara: kuɗin ya haɗa da na shiga Changuu da kuɗin kula da teku da abinci da kayan ruwa da ɗauko ku daga otal? Mutum nawa ne a jirgin? Akwai jaket ta kowa? Jagoran zai shiga ruwa tare da wadda ba ta iya iyo ba? In iska ta hana fita za a mai da kuɗi ko a ɗaga rana? Ki sa maigida ya rubuta masa a fili cewa matata ba ta iya ruwa ba, yadda ya amsa wannan zai nuna muku ko shi wane ne. Ku kuma tabbatar da lokaci da lambobi, don a lissafin Suwahili ƙarfe bakwai na safe ne ƙarfe ɗaya, in matuƙi ya ce saa mbili takwas yake nufi, ga agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 2.

Stone Town ku ware masa yammacin wata rana daban ku taka a hankali, tun shekarar 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, ga tsohuwar ganuwa, ga Beit al-Ajaib, ginin fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883 wanda wani ɓangarensa ya rufta a ƙarshen 2020, daga waje za ku gan shi. Ku daure ku je inda tsohuwar kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin, ku sauka ɗakunan ƙasan nan masu ƙunci, ba wurin nishaɗi ba ne amma bai kamata ɗan Afirka ya je garin ya tsallake shi ba. Bayan magariba ku gangara Forodhani ku sha ruwan rake da citta da lemun tsami, ku tambayi farashi kafin a zuba muku komai. Gonar ƙamshi ita ma rabin yini ce mai zaman kanta, ki sayo kanumfari da kirfa na shayi da na tsaraba.

Sannan tun yanzu ya duba takardu, don su ne suka fi saurin ɓata tafiya. Mai fasfo ɗin Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, tun daga gida ake nema kuma tana ɗaukar lokaci, kar ya biya kuɗin da ba a mayarwa sai ta fito. Ku riƙe katin rigakafin shawara, za a iya tambayarku. Kuma tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta na gwamnati, dala 44 aka sa wa kowane babba lokacin da aka fara, ta intanet ake biya kafin a iso, ya shiga shafinsu na ainihi da kansa ya duba kar ya bi ta hannun ɗan tsakiya. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.